Ciwon Sanyi da Saiwar Boka: Waiwaye a Kan Tarihin Maganin Cututtukan Saduwa a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaman jiran mota ta cika, ko a Kano ko a Sakkwato, ko a Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas, ya san wannan murya. Amsa-kuwwa ce a kan wata tsohuwar mota, an jera kwalabe da ƙullin gari a bayanta, mai magani yana jero cututtuka kamar maroƙi yana jero zuriyar sarki. Zai ambaci basir da shawara da daji a gurguje, amma da ya iso kan sanyi sai ya ja linzami ya zauna, domin a nan kasuwarsa take. Za ka ga maza sun kau da kai kamar ba da su ake ba. In an jima kuma sai wani ya zagaya ta bayan motar, ya miƙa kuɗi, ya soka ƙulli a aljihu, ya dawo mazauninsa.

Wannan ciniki ya girmi amsa-kuwwa, ya kuma girmi motar. Abin da ya kamata ya ɗaure wa mai nazari kai shi ne yadda ya rayu har yau, alhali fiye da shekara tamanin ke nan da samun allurar da ke kashe tunjere, kuma ciwon sanyi ma yana da tabbataccen magani a asibiti. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun tarihin wannan fanni na maganin gargajiya, domin gano abin da ya ba shi suna tun farko, da abin da ya riƙe masa sunan bayan zuwan asibiti. Za mu ga cewa abubuwa biyu ne suka taru suka yi masa jagora, wato halin ciwon na ɓuya bayan ya bayyana, da kunyar mai ciwon. Za mu kuma ga wanda ya biya kuɗin wannan haɗuwa, wanda sau da yawa ba shi ne ya je wurin mai magani ba.

2.0 Suna Linzami

Bahaushe mutum ne mai kunyar baki. Abin da ya shafi tsakanin cibiya da gwiwa ba ya kiran sa da sunansa, sai ya sakaya. Saboda haka ciwon da ke sa wa namiji zafin fitsari da fitar mugunya ta gaba sai aka kira shi ciwon sanyi, kai ka ce ɗari ne ya kama mutum. Wasu kan ƙara fayyacewa su ce sanyin mata, wato dai an san ta inda ya shigo, amma an jingina shi ga mace. Wanda kuwa ke farawa da miki a al'aura, ya koma ƙuraje a jiki, daga bisani ya ci karan hanci ko ganɗa, shi ake kira tunjere, a wasu wurare a ce kabba. Waɗannan sunaye biyu suna cikin ƙamusun Bargery na 1934, abin da ke nuna cewa sun daɗe da zama a bakin mutane.

Sai dai wannan sakayawa ta haifi wani abu. Kalmar sanyi ta zama babban buhu da ake zuba kome a ciki. Akwai ciwon da likitoci ke kira gonoriya, akwai ɗan'uwansa kilamidiya, akwai ciwon mafitsara da ba shi da haɗi da saduwa, akwai ƙaiƙayin gaba na mata, har ciwon baya da na gaɓoɓi da raunin mazakuta duk akan ce sanyi ne. Tsargiya ma, wadda yara ke ɗauka a kududdufi su riƙa fitsarin jini, takan shiga buhun idan ta bi mutum har girma. Haka tunjere yake. A yankin Sahel akwai wani nau'insa da ke yaɗuwa a tsakanin yara ta hanyar shan ruwa a ƙoƙo ɗaya, babu ruwansa da shimfiɗa, ga shi kuma a ƙarshe yana cin hanci kamar wancan.

Ke nan sunan ya zama mafaka. Mai ciwo yana iya cewa ya kwana a danshi ne, ko ya tsallake fitsarin wani, ko kuwa gado ya yi, kamar yadda na yau ke cewa a banɗaki ya ɗauka. Ya kuma zama garkuwa ga magani, domin idan jiƙo ya sauƙaƙa ɗaya daga cikin abubuwan da ke cikin buhun, yabon duka zai karɓa. Ba za mu ga laifin magabata a kan wannan ruɗani ba. Likitocin Turai kansu sun daɗe suna ɗaukar gonoriya da tunjere ciwo ɗaya, sai a 1838 wani likita a Faransa, Philippe Ricord, ya rarrabe su. Ƙwayar gonoriya sai a 1879 Albert Neisser ya gan ta a madubin likita, ta tunjere kuwa sai a 1905.

3.0 Masu Magani da Hikimarsu

Kafin zuwan Turawa, mai irin wannan lalura yana da ƙofofi da dama da zai ƙwanƙwasa. Akwai boka, wanda ya gaji sanin itatuwa. Akwai maharbi, wanda zaman daji ya sanar da shi saiwoyin da mutanen gari ba su sani ba. Akwai wanzami, wanda gidansu ne suka yi wa mutum kaciya, don haka babu sauran abin ɓoyewa a tsakani. Akwai kuma 'yan magori masu bin kasuwa-kasuwa, waɗanda tun da can aka san su da wasa kansu da kansu, su ne kakannin mai amsa-kuwwar tasha. Mata suna da ungozoma da 'yar mai ganye da 'yan bori. Malami kuma yana ba da rubutun sha, wani lokaci a wanke allon da ruwan wani sassaƙe.

Itatuwan da suka fi yawo a bakin masu magani a wannan fanni sanannu ne. Akwai sanya, wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna, akwai hano da marke da maɗaci da taura da tafashiya da gwandar daji da sabara da bagaruwa, sa'an nan ga filasko da rai-ɗore masu wanke ciki. Akan jiƙa saiwa ko sassaƙe ya kwana, ko a dafa da jar kanwa, ko a daka a zuba a kunu. Miki kuma a wanke shi da ruwan dahuwar a barbaɗa masa gari.

Wannan aiki yana da tunani a ƙarƙashinsa. A ganin Bahaushe, ciwo dauɗa ce da ta taru a cikin jiki, warkewa kuwa ita ce fitar dauɗar. Don haka maganin da ya sa gudawa, ko amai, ko yawan fitsari, ko ya sauya launin fitsarin, shi ne mai aiki, kuma gwargwadon ɗacinsa gwargwadon ƙarfinsa. Nina Etkin da Paul Ross, waɗanda suka yi bincike a wani ƙauye na ƙasar Wudil a shekarun 1970 da 1980, sun lura cewa abin da likita ke ɗauka illar magani, shi mutanen ƙauyen ke jira su gani a matsayin shaidar ciwo ya kama hanyar fita. Akwai kuma lura ta gaskiya a cikin zaɓen itatuwan. Bagaruwar da majemi ke jeme fata da ita, abin da ke cikinta mai tsuke fata shi ne ke tsuke bakin miki ya rage zubar ruwa. Kanwa da yawan shan jiƙo suna sa fitsari ya yawaita ya yi sauƙin fita. Mai ciwo zai ji dama a jikinsa, kuma jin nan ba ƙarya ba ne.

Ban da ilimin baka, akwai na rubuce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafan likitanci da Larabci, har da wanda ya keɓe ga basir da wanda ya keɓe ga ciwon ido. Ta irin waɗannan littattafai ne tunanin Jalinusa da Ibn Sina, mai raba ɗabi'ar jiki zuwa zafi da sanyi da danshi da bushewa, ya zauna a zaurukan malamai, ya kuma dace da abin da jama'a suka riga suka saba, wato ciwon da aka kira sanyi a kore shi da abu mai zafi. Ya kamata a tuna cewa Bello ɗin nan, da Clapperton ya ziyarce shi a 1824, cikin abubuwan da ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita. Masu ilimin wancan zamani ba su ɗauki abin da ke hannunsu a matsayin ƙarshen sani ba.

Wanda ya fara tattara sunayen itatuwan nan da boko a tsanake shi ne J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotlan da ya kama aiki a Arewa a 1905. Ya fitar da ƙamusun sunayen tsirrai na Hausa a 1916, sa'an nan babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Har yau sunan hano na kimiyya yana ɗauke da sunansa. Mai duba littafin nan zai ga gonoriya da tunjere suna ta maimaituwa a ƙarƙashin itace bayan itace. Wani zai ce wannan arziki ne. Amma akwai wata fassarar, domin cutar da aka sami maganinta ba ta buƙatar itace hamsin. Wadda ta gagara ita ce kowa ke kawo nasa.

4.0 Ciwon da ke Ɓuya

To, idan haka ne, ta yaya sunan maganin ya kafu har jikoki suka gada? Amsar tana cikin halin cututtukan kansu. Mikin farko na tunjere ba ya zafi, kuma yakan warke da kansa cikin mako uku zuwa shida, ko an sa magani ko ba a sa ba. Bayan wasu makonni ƙuraje su feso, har a tafin hannu da na ƙafa, su ma su baje don kansu. Daga nan ciwon ya yi likimo, wani lokaci shekara goma, wani lokaci ashirin ko fiye, kafin ya fito a zuciya ko ƙwaƙwalwa ko ƙashi. A birnin Oslo na ƙasar Norwe, tsakanin 1891 da 1910, wani likita mai suna Caesar Boeck ya bar masu tunjere kimanin 2,000 ba tare da maganin zamanin ba, saboda yana ganin cutarwarsa ta fi amfaninsa. Da aka bi sawunsu daga baya, sai aka tarar kimanin kashi ɗaya cikin uku ne ciwon ya dawo wa da mummunar fuskarsa. Sauran sun rayu kamar sun warke.

A auna wannan da idon boka. Mutum ya zo da miki, an ba shi jiƙon sanya, bayan wata guda miki ya rufe. Idan ciwon ya dawo bayan shekara goma sha biyar da shanyewar jiki ko taɓin hankali, wa zai haɗa shi da wancan ɗan miki? Sai a ce iska ce ko sammu. Ciwon sanyi ma haka yake. Zafin fitsari da mugunyar namiji sukan lafa bayan makonni ko watanni ko da ba a sha kome ba, alhali yana iya ci gaba da ɗauke da ƙwayar na wani lokaci. Jiki da kwanaki su suka yi aikin, jiƙo ya karɓi yabo. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan tarko ba Bahaushe kaɗai ya kama ba. Bayan annobar tunjere ta ɓarke a tsakanin sojojin da suka yi yaƙi a Napoli ta Italiya a 1495, Turawa sun rungumi zaiba, suna shafawa suna turarawa har mai ciwo ya riƙa dalalar da miyau haƙoransa su zube, su kuwa suna murna wai guba ce ke fita. Tunanin fitar dauɗa ke nan, babu bambanci. Daga baya aka kawo wani itace daga Amurka mai suna gwayakum, ana dafa ɓarzajjensa ana sha. Wani marubuci Bajamushe, Ulrich von Hutten, ya sha wannan jiƙo, mikinsa ya rufe, ya rubuta littafi guda a 1519 yana shaida wa duniya cewa ya warke. A 1523 tunjere ya kashe shi yana ɗan shekara 35. Hutten bai yi ƙarya ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Haka ma mafi yawan bokayenmu na dā. Ciwon ne ya fi ido wayo.

5.0 Wanda Ruwa ya Doka

Masu iya magana sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A tarihin ciwon sanyi ba haka abin ya kasance ba. Namiji yana ganin alama cikin kwanaki kaɗan, ya nemi jiƙo, ya ji sauƙi, ya koma ɗakin matarsa da zuciya ɗaya. Ita kuwa mace, sau da yawa ciwon ba ya nuna mata wata alamar kirki. Yakan haura a ɓoye ya kai ga hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, ya kumbura su, ya toshe. Abin da za a gani a fili shi ne ciwon mara da ba ya jin magani, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa ya yi barazana ga ranta, ko haihuwa ta tsaya cak bayan ɗa guda, ko ma ba ta zo ba sam.

Daga nan al'ada ta karɓi zancen. Sunanta ya koma juya. Uwar miji ta fara gunaguni, a kai ta wurin 'yan bori, a sha mata rubutu, daga ƙarshe a yi mata kishiya, wadda ita ma za ta iya gadon abin da ta farko ta gada. Tunjere kuwa yana ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi, ya jawo ɓari a kai a kai, ko haihuwar gawa, ko jaririn da ba ya daɗewa. Irin wannan mace akan ce tana wabi, a dangana abin ga iska ko maita. Jaririn da ya ratso ta jikin uwa mai gonoriya kuma, idanunsa kan cika da mugunya a kwanakin farko, idan ba a yi sauri ba ya makance. Tun 1881 wani likitan haihuwa a Jamus, Carl Credé, ya nuna cewa ɗigon magani a idon jariri da zarar an haife shi yana hana wannan makanta.

Ba kowace juya ce ciwon sanyi ya mayar juya ba, kuma ba kowane wabi ne na tunjere ba. Amma a matsayina na mai koyar da adabi, na daɗe ina lura da wani giɓi. Tatsuniyoyinmu da waƙoƙin niƙa da habaicin kishiyoyi cike suke da matar da ba ta haihu ba, ana yi mata gori ko ana tausaya mata. Mijin da ya dawo daga fatauci da ƙullin magani a aljihu ba ya cikin labarin. Shi nasa hisabin yakan jira tsufa, lokacin da tabon da ciwon ya bari zai tsuke masa hanyar fitsari, a kwana ana zuba masa ruwan ɗumi a mara.

6.0 Bariki da Allura

Cin Kano da Sakkwato a 1903 ya buɗe wani sabon babi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, haƙar kuza ta ja dubban leburori zuwa tsaunukan Jos, aka kafa barikokin soja da sababbin garuruwa inda maza ke zaune nesa da iyalansu. Kalmar bariki kanta ta sami ma'ana ta biyu a bakin Bahaushe, har aka sami ɗan bariki da 'yar bariki. Cututtukan da dā ke tafiya da saurin jaki a hanyar fatake suka hau jirgi. Gwamnatin mulkin mallaka, wadda babbar damuwarta ita ce lafiyar sojojinta, ta yi dokar hana tallar irin waɗannan magunguna a 1932, sa'an nan ta yi dokar cututtukan saduwa a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.

A daidai wannan zamani ne kimiyya ta sami abin da ta daɗe tana nema. A 1910 aka fara amfani da Salvarsan, maganin tunjere da Paul Ehrlich da Sahachiro Hata suka samar, ko da yake allurai ne masu wahala da akan daɗe ana karɓa. A 1938 ƙwayar M&B 693 ta fito, tana tsayar da gonoriya cikin kwanaki. A 1943 John Mahoney ya nuna a Amurka cewa penisilin yana warkar da tunjere. Wannan karon warkewa ce ta haƙiƙa, wadda gwajin jini ke tabbatarwa. Bahaushe bai yi gardama ba, ya karɓi allura hannu bibbiyu, har ta kai wanda ya je asibiti ba a yi masa ita ba yana ganin ba a duba shi ba.

Duk da haka boka bai naɗe tabarmarsa ba, kuma dalilin ba jahilci ba ne kamar yadda aka saba faɗa. A asibiti akwai layi, akwai kati mai ɗauke da sunanka, akwai ma'aikacin da zai tambaye ka abin da ke damun ka a gaban jama'a, wataƙila ma mace ce sa'ar 'yarka. Daga ƙarshe a ce ka je ka zo da matarka. Wurin mai magani kuwa da dare ake zuwa, ba ya rubuta suna, ba ya tambayar inda aka samo, yana karɓar kalmar sanyi yadda aka kawo ta, yana kuma iya jira sai an ji sauƙi a biya. Abin da yake sayarwa na gaskiya shi ne rufin asiri, saiwar kuwa ɗori ce a kai.

Tsakanin waɗannan ƙofofi biyu sai ta uku ta buɗe, wato kemis da mai allurar bayan fage da mai tallar ƙwayoyi a faranti. A nan aka ɗauki maganin Bature aka yi amfani da shi da tunanin jiƙo. Mutum ya sayi kafso biyu ko huɗu, mugunya ta tsaya, ya daina. Ƙwayar cutar da aka raunana ba a kashe ba kuwa koyon dabara take yi. A 1976 aka gano gonoriyar da ke narkar da penisilin, kuma ɗaya daga cikin tushenta biyu Afirka ta Yamma ce. Daga nan ta bi magunguna ɗaya bayan ɗaya tana karya su, har aka wayi gari allurar seftirayazon ce babbar madogara, ita ma an fara samun masu bijire mata a wasu ƙasashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai mutum miliyan 82 ne suka kamu da gonoriya.

7.0 Zamanin Ƙanjamau

A 1986 aka ba da sanarwar samun mai cutar ƙanjamau na farko a Nijeriya. Sunan da aka ba ta ma sakayawa ce, domin ramar aka kira, aka bar hanyar kamuwa. Wannan cuta ta ɗauki tsohon tarkon ta ninka shi. Tana iya kwanciya shekara takwas zuwa goma ba alama, kuma mai ita yakan kwanta ya tashi, ya rame ya murmure. Kowace murmurewa shaida ce ga wanda ya ba da jiƙo na ƙarshe. Da yake a farkon lamarin asibiti ba ta da abin bayarwa sai haƙuri, masu da'awar warkarwa suka cika gari, aka sayar da gonaki da shanu. Abin bai tsaya ga 'yan tasha ba. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya shelanta cewa yana warkar da ƙanjamau da haɗin ganyaye, ya sa marasa lafiya suka ajiye magungunan asibiti, wasunsu suka rasa rayukansu. Alhali tun 1996 aka sami haɗin ƙwayoyin da ke danne cutar, wanda yau mai shan sa a kan ƙa'ida yake rayuwa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu.

A wannan tsakani ne kuma sana'ar ta sauya riga. Ƙullin tsumma ya koma roba mai tambari, shagunan da ake kira na magungunan Musulunci suka yawaita da habbatus-sauda da zuma da man zaitun, talla ta tashi daga tasha ta shiga rediyo da wayar hannu. Buhun sanyi ya ƙara faɗi, har da sanyin gado da wanda ake cewa kowace mace tana da shi. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana ba irin waɗannan magunguna lamba, amma ya kamata mai saye ya san cewa lambar da akasarinsu ke ɗauke da ita ta gwajin rashin cutarwa ce, ba ta tabbatar da warkarwa ba.

8.0 Kammalawa

Kada a fahimci wannan waiwaye a matsayin raina itatuwanmu. Kwinin daga sassaƙe ya fito. Babban maganin zazzaɓin cizon sauro na yau daga wani ɗan'uwan tazargade aka samo shi a ƙasar Sin a 1972. A fannin cututtukan saduwa ma, a 1942 aka gano cewa ƙaron saiwar wani tsiro na Amurka yana kashe tsiron da ke fitowa a al'aura, kuma har yau ana amfani da abin da aka tace daga gare shi. A nan gida, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi, ta gwada shi a kan masu amosanin jini, aka sami Niprisan. Dukan waɗannan sun bi ta ƙofa ɗaya, ita ce gwaji a kan marasa lafiya, da ƙidaya, da bin sawu.

Ɗakunan bincike na jami'o'inmu sun sha nuna cewa ruwan marke da na bagaruwa suna hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a faranti. Wannan mafari ne mai kyau, amma faranti ba jikin mutum ba ne, kuma babu ɗaya daga cikin itatuwan nan da gwaji ya tabbatar yana warkar da gonoriya ko tunjere ko ƙanjamau. Wasu ma suna da haɗari. Saiwar sanya, mai ƙamshin nan irin na man zafi, guba ce idan ta yi yawa, kuma a kudancin Afirka an rubuta mutuwar matan da suka cusa ta a gabansu.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Asibiti tana da abin koyo a zauren boka, shi ne karɓar mai ciwo ba tare da tozarta shi ba. Mai magani na ƙwarai kuma yana da hakkin da ya hau kansa, na ya san iyakarsa, ya tura mai mugunya da mai miki gwaji, shi da iyalinsa. Ɗalibanmu na Hausa su ma suna da rabonsu, domin tsofaffin da suka san sunayen itatuwan nan suna ƙarewa, marke da maɗaci kuma suna tafiya a buhunan gawayi da motocin katako. A rubuta abin da suka sani yadda suka faɗe shi, a miƙa wa masu gwaji su tace.

Shi kuwa mutumin da ya zagaya bayan mota ya soka ƙulli a aljihu, motarsa za ta cika ta tashi. Zafin zai lafa masa kamar yadda ya lafa wa kakansa, kuma zai yaba wa mai magani da zuciya ɗaya. A gida akwai wadda ta share ɗaki tana jiran sa, ba ta ji tallar ba, ba kuma za ta ga ƙullin ba.